Shekara uku wiwi tana cin ƙwaƙwalwar Auta muna cewa lalaci ne

Auta ɗan yayata ne, uwa ɗaya uba ɗaya muke da mahaifiyarsa, kuma tunda babansu ya rasu a hatsarin mota yaron yana ɗan shekara 12 kusan ni na koma uban, dan layi biyu ne tsakanin gidana da nasu a nan Kano. Ba zan faɗi sunansa na yanka ba, Auta muke ce masa a gida kuma da shi zan ci gaba. Na tambaye shi kafin in rubuta wannan, yace Kawu ka rubuta in dai ba za ka sa hotona ba. Ni malamin makaranta ne, bayoloji nake koyarwa a sakandare, wannan ma yana cikin abin da yake ci min rai har yau, ina tsaye gaban allo ina zana wa ƴaƴan mutane ƙwaƙwalwa da alli, ta ɗan yayata tana taɓuwa layi biyu da gidana ban gani ba.

Yaron nan da kai aka haife shi, ba yabon jini nake ba. Tun firamare bai taɓa wuce na uku a aji ba, a islamiyya kuma yana aji ɗaya da waɗanda suka girme shi da shekara biyu uku, kafin ya kai 14 ya haddace izu goma sha takwas. Irin yaran nan ne da in ka karanto lambar waya sau ɗaya ta zauna, Hajiyarmu ma ta daina rubuta lissafin adashinta, sai dai tace a kira min Auta, shi zai faɗa mata wacce ta zuba da wacce ba ta zuba ba tun watan jiya. Na kawo wannan ne dan a san daga ina aka taso, sabida in ka gan shi yana ɗan 17 za ka rantse da ma can haka yake.

Yadda abin ya faro daga bakinsa na ji, kuma sai bayan shekara huɗu na ji. Ƙarshen 2019 ne yana aji uku na ƙaramar sakandare, shekararsa 14. Yana zuwa wajen wankin mota da babura da yamma yana ɗan samun na kashewa, mu kuma muna murna yaro ya kama neman na kansa tunda maraya ne. A bayan wajen akwai wani kango da aka fara aka bari, nan manyan yaran suke shiga bayan magariba. Wani da yake tuƙa adaidaita ne ya fara miƙa masa, kyauta, kuma bai ce masa ga ƙwaya ba ko ga kayan maye, ce masa yayi ganye ne kawai, Allah ne ya halicce shi kaman zogale, ba irin sholisho ko kodin ba da suke lalata mutum, wannan buɗe kai take yi, in ka zuƙa ka ɗau littafi karatu zama yake. Yace zuƙar farko tari ya dinga yi har da hawaye ana masa dariya, ta biyu ce ta kai masa karo, ya ji komai ya yi sanyi, tunanin babansa da yake hana shi bacci ya tafi, ranar yayi baccin da ya daɗe bai yi ba. Wannan maganar ta baccin ita ce ta fi tsaya min a wuya, dan babu wanda a cikinmu ya san yaron ba ya bacci tun rasuwar uban, shekara biyu.

Da farko sai ranar Alhamis da Juma'a. Sai korona ta zo, aka rufe makarantu a watan Maris 2020, aka kulle Kano a Afrilu, yara suka yi wata da watanni ba boko ba islamiyya. A nan ya koma kullum, safe da dare, ƙullin naira ɗari biyu su haɗa kuɗi su uku. Lokacin da aka koma makaranta wajen ƙarshen shekarar, wanda ya koma ba shi ne wanda ya bari ba.

Alamomin duk mun gansu wallahi, fassara ce muka yi musu daban. Idonsa yayi ja, aka ce ƙura ce, aka sai masa maganin ɗigawa a kemis. Ci ya ƙaru, ya cinye malmala uku da daddare ya kankare tukunya, Yaya tana dariya tana cewa girma ne. Kullum aljihunsa da tomtom da ɗan turare na ɗuri, muka ce samartaka ce ta fara. Sakamakon SS1 ya fito na 19, SS2 na 34 a cikin 52, na zaunar da shi na yi masa faɗan lalaci da kallon ƙwallo, har da ƙwace waya na sati biyu. Akwai ranar da ba zan manta ba, matata ta aike shi ya sayo magi da omo da katin waya, abu uku kacal, shagon yana bakin layi. Ya jima sai gashi ya dawo da omo kaɗai da canji a hannu, ya tsaya a tsakar gida yana kallon ledar yana motsa baki kaman mai ƙirga, sai yace Anti me da me kika ce ma? Ta ce kai Auta wasa kake, shi kuwa ba wasa a fuskarsa, tsoro ne, na gani da idona na kuma share. Yaron da yake riƙe lissafin adashin mata ashirin.

Sai tilawa. A azumin 2022 na ce ya ja mu sallar asham a gida tunda Hajiya ba ta iya fita, ya kama sura da ya haddace tun yana ɗan 11, yana tsakiyar aya ya tsaya cak, na ɗora shi, ya yi aya biyu ya faɗa wata surar daban, na sake ɗora shi, ƙarshe ya yi ruku'u a haka. Da aka sallame bai ɗago kai ba. Hajiya tace baki ne, mutane sun sa masa ido tun yana ƙarami, aka karɓo rubutu. Ni kuma na ce rashin muraja'a ne. Babu wanda ya ce wiwi, sabida a kanmu ɗan wiwi shi ne wanda ya bar gashi ya cukurkuɗe yana zage-zage a bakin kasuwa, ba yaro mai gaida mutane har ƙasa yana zuwa masallaci ba.

Toh bari in faɗi abin da yake faruwa a cikin kan a waɗannan shekarun, wanda na san rabinsa tun a makaranta, sauran kuma sai da wuta ta kama gidanmu na zauna na karanta. Ƙwaƙwalwar yaro ɗan 14 ta kusa kai girman ta babba, amma aikin cikinta ba a gama ba, kaman gidan da aka yi rufi ana kan wayarin. Ginin daga baya yake farawa ya taho gaba, kuma ɓangaren da yake bayan goshi shi ne na ƙarshe, sai mutum ya kai wajen shekara 25 yake kammala. Shi wannan ɓangaren shi ne mai tsara abu, mai cewa dakata tukuna, mai riƙe abu uku a lokaci ɗaya har ka isa shago, mai auna abin da zai biyo baya. A shekarun balaga abu biyu ake yi a wajen, ana sassabe hanyoyin sadarwa da suka yi yawa tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a bar waɗanda ake amfani da su, sannan ana naɗe waɗanda aka bari da wani kitse kaman robar da take jikin wayar lantarki dan saƙo ya dinga gudu.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne jikin mutum da kansa yana yin sinadarai masu kama da na wiwi, ɗan kaɗan, a inda ake buƙata, a lokacin da ake buƙata, su gama aiki a rushe su nan take. Ɗaya daga ciki anandamaid, a 1992 aka gano shi a ɗakin binciken Raphael Mechoulam a Isra'ila, mutumin da shi ne da abokin aikinsa suka fara ware THC a 1964, wato sinadarin da yake sa maye a wiwi. Waɗannan sinadaran na jiki suna da makullai da suke buɗewa, ana ce musu CB1, kuma suna da yawa a bayan goshin nan da kuma hifokamfas, inda ake ajiye sabon abin da aka koya. Suna cikin masu ba da umarni a aikin sassaben nan, wace hanya za a bari wace za a cire. THC kuma mabuɗin bogi ne da yake shiga makullan gaba ɗaya a lokaci ɗaya, ya zauna na awanni, kuma da yake a kitse yake narkewa ba ya saurin barin jiki, mai sha kullum ana iya ganinsa a fitsarinsa bayan sati uku ko fiye. In abin yayi yawa sai ƙwaƙwalwa ta fara rage makullan dan ta kare kanta, daga nan sinadarin jikin ma ya daina isa, shi yasa yaro zai ji ba ya jin daɗin abinci ko bacci ko hira sai ya zuƙa. Babba ɗan 35 in ya sha tana masa illa, amma a kan busasshen siminti take tafiya. Ɗan 14 kuwa daɓen ɗanye ne, kowa ya san yadda sawun akuya yake zama in ta bi ta kan simintin da aka zuba da safe.

Kuma ba hasashe bane. A wani gari Dunidin a ƙasar Niyu Zilan an bi mutum 1,037 da aka haifa a 1972 zuwa 1973 tun suna jarirai, aka gwada kaifin basirarsu suna yara kafin kowa ya fara shan komai, aka sake gwadawa suna da shekara 38. Sakamakon da aka fitar a 2012 ya nuna waɗanda suka fara tun kafin 18 suka kuma ɗore a kai sun yi asarar maki har kusan 8 a ma'aunin IQ, waɗanda suka fara bayan sun girma ba a ga irin wannan faɗuwar ba, kuma masu farawa da wuri ko da suka rage sha abin bai dawo duka ba. A Turai ma an ɗauki hoton ƙwaƙwalwar matasa 799 suna da shekara 14 aka sake ɗauka suna 19, aka buga a 2021, aka ga masu shan wiwi ɓawon bayan goshinsu ya fi saurin sirancewa, kuma gwargwadon shan gwargwadon sirancewar, a daidai wuraren da makullan CB1 suka fi yawa. Gaskiya akwai masu binciken da suka ja da maganar IQ ɗin, an yi nazari a kan tagwaye a Amurka aka ga wanda yake sha da ɗan'uwansa da ba ya sha duk makinsu ya sauka kusan tare, ma'ana gidan da yaro ya taso da halin da yake ciki suna da nasu kason. Na yarda da wannan, dan Auta maraici ya riga wiwi zuwa, rashin bacci ya riga ta. Amma ni na ga yaron shekara biyu bayan rasuwar uban yana nan na biyu a aji da haddarsa daram, sai da hayaƙin ya shigo lissafin ya fara zubewa.

Abin ya fashe ne a Fabrairun 2023, lokacin wahalar takardun kuɗi ana dab da zaɓe, yana SS3 saura wata uku WAEC. Kwana huɗu bai runtsa ba. Ranar farko surutu ne kawai da dariya ba dalili, ta biyu ya naɗe wayarsa a cikin zani ya cusa a buhun masara yace ana saurarensa, ta uku yace mai gabatar da shiri a rediyon Hajiya da shi yake, duk abin da yake faɗa habaici ne a kansa. Daren na huɗu wajen ƙarfe biyu Yaya ta buga min waya muryarta tana rawa tace Malam ka zo, Auta ya hau kan katanga. Na same shi a tsugune a kan katangar ba riga, cikin sanyin nan, da taɓarya a hannu, yana leƙen gidan maƙwabta yana cewa sun sa kyamara a silin. Na ce Auta sauko ni ne Kawu. Ya kalle ni ya daɗe, sai yace a hankali, Kawu kai ma sun aiko ka ko? Uwarsa ta kawo masa kunu ya ture kofin yace an zuba abu. Ita da ta haife shi.

Sati biyu muka ɓata kafin asibiti, kuma da ni a cikin masu ɓatawar. Dangin uba suka ce iska ce, aka kawo mai ruƙiyya, aka yi ta karatu da hayaƙi da shafe-shafe, yaro yana ƙara rikicewa. Ni ban da ja da addu'a, har yau muna yi masa, amma addu'a ba ta hana a kai mai karaya wajen ɗori. Wani daga cikin dangi ya kawo shawarar gidan mari, yace wata uku za a saita shi. A nan ne na taka burki, dan ban manta abin da aka gani a Rigasa ta Kaduna a Satumbar 2019 ba, da ƴan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga irin gidan nan, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka, har da ƙananan yara. Aka yi ta ja-in-ja, wata gwaggonsa tana kuka tana cewa so kuke a ce ɗan gidanmu an kai shi Dawanau, wa zai ba shi mata. Sunan asibitin ƙwaƙwalwar da ke Dawanau kawai ake tsoro, ba halin da yaron yake ciki ba. Ƙarshe wani abokinsa da suke wankin mota ne ya tare ni a bakin masallaci yana sunkuyar da kai yace Malam ba aljanu bane, Laud ce, kuma kwanan nan har Kolos yake haɗawa. Ranar na fara jin sunayen, ashe wasu nau'o'in wiwi ne masu ƙarfi. Ranar kuma na san shekara uku da wata uku kenan.

Washegari muka kai shi asibitin ƙwaƙwalwa, da ƙyar muka haɗa kuɗin mota sabida ba tsabar kuɗi, tiransifa kuma ba ta tafiya. Aka gwada fitsari THC ta fito. Likitar mace ce, ba ta yi masa faɗa ba ko sau ɗaya, tambayoyi ta dinga jerowa, yana ɗan shekara nawa ya fara, sau nawa a rana, wace iri, sai ta juyo wajenmu tace a danginku ko na babansa akwai wanda ya taɓa samun taɓin hankali? Yaya tace babu. Ni kuma na tuna wani baffansa da aka daɗe ana cewa yana da iska, wanda ya ƙare rayuwarsa a ɗaki ɗaya a ƙauye ana zura masa abinci ta taga. Da na faɗa likitar ta ajiye biro tace toh, abu uku sun haɗu, ya fara da wuri, yana sha kullum kuma mai ƙarfi, ga shi akwai abin a jini.

Wannan haɗuwar ita ma an daɗe da saninta. Tun 1987 aka buga binciken da aka yi a Suwidin a kan samari sama da 45,000 da aka ɗauka aikin soja aka bi su shekara 15, waɗanda suka sha wiwi fiye da sau 50 kafin a ɗauke su sun ninka sauran sau shida wajen kamuwa da sikizofireniya, ciwon da yake sa mutum jin muryoyi da zargin kowa. A 2019 wani binciken a garuruwan Turai da Burazil ya nuna mai sha kullum haɗarinsa na samun irin wannan ruɗewar ya ninka kusan sau uku, in kuma mai ƙarfi yake sha kullum kusan sau biyar. Maganar ƙarfi ɗin nan dattawa ba sa ganewa, sai ka ji ana cewa ai wane shekara talatin yana sha yana tuƙa tirela lafiya lau. Ba abu ɗaya suke sha ba. A Amurka inda ake aunawa, THC ɗin da ke cikin wiwin da aka kama a 1995 kusan kashi 4 ne cikin ɗari, zuwa 2014 ya kai kusan kashi 12. Mu nan bayan wadda ake nomawa a dazukan Ondo da Edo da Delta, yanzu ga Laud da ake shigowa da ita daga waje, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi NDLEA kullum cikin kama ta take a tashar jiragen ruwa da ta sama a Legas, ga Kolos wadda sau da yawa ganye ne aka fesa wa sinadarin da aka haɗa a masana'anta, shi kuma ya fi THC kama makullan nan da ƙarfi nesa ba kusa ba. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ne suke shaye-shaye a Najeriya, miliyan 10.6 daga ciki wiwi ce, amma mu a arewa hankalinmu duk ya tafi kan kodin da tiramol tun da aka hana maganin tari mai kodin a 2018, wiwi ta zama kaman ƙaramin laifi.

Sati uku yayi a kwance. Aka sa shi a kan maganin olanzafin, muryoyin suka yi shiru a sati na biyu, ranar da ya karɓi abinci daga hannun uwarsa ya ci sai da ta fita baranda ta yi kuka. Amma fita daga wiwin kanta wani yaƙin ne daban, duk mai ce maka ba ta kama mutum bai zauna da mai bari ba. Kwanakin farko gumi, masifa, ba ci ba bacci, mafarkai masu firgitarwa, sai da aka yi wajen sati biyu abin ya lafa. An ƙiyasta cikin masu farawa suna matasa kusan ɗaya cikin shida sai ta kama su, a cikin masu sha gaba ɗaya kuwa kusan ɗaya cikin goma sha ɗaya. Likitar ta gaya mana ba ɓoye-ɓoye cewa a wani bincike a Denmak kusan rabin waɗanda wiwi ta taɓa ruɗawa haka daga baya ciwon ya zauna musu, kuma babban abin da yake hannunmu shi ne kar ya koma.

Ya koma. Wata huɗu da sallamarsa, bayan an yi WAEC ba shi, abokansa suna ta ɗora hotunan gama makaranta, shi kuma maganin ya sa shi ƙiba da yawan bacci yara a layi suna ce masa ɗan Dawanau. Ya daina shan maganin a ɓoye, ya koma kangon, kwana tara muka sake ganin ya fara rufe taga da rana. Wannan karon ba mu ɓata ko kwana ɗaya ba, kuma ni ban yi faɗa ba duk da cikina yana tafasa, dan na riga na ga inda faɗan shekara uku ya kai mu. Aka daidaita maganin, aka haɗa shi da mai ba da shawara duk sati biyu, a wajensa ne ya fara maganar babansa, abin da bai taɓa yi da kowa a gida ba. Na ɗauke shi daga unguwar gaba ɗaya ya koma gidan ƙanina a wata unguwa mai nisa, dan ba zai yiwu kana jinyar ƙuna kana zaune a bakin murhu ba.

Yanzu shekararsa 20, ya haura shekara biyu bai sha ba, ana gwada fitsarin lokaci-lokaci da yardarsa. Abubuwa da yawa sun dawo, kuma dama bincike ya nuna makullan nan suna farfaɗowa cikin kusan wata ɗaya da bari, riƙe sabon karatu ma yana fara gyaruwa tun makonnin farko. Yana dariya, yana tsokanar ƙannensa na gidan, ya rubuta NECO ta masu zaman kansu ya samu kiredit biyar, lissafi sai a zama na biyu. Yana koyon gyaran waya a wajen wani mutumin kirki da ya san labarinsa, hannunsa yana da kyau sosai. Amma maigidan ya gaya min in ya ba shi aiki uku a jere sai ya dawo ya tambayi na biyun, in ana hira a shagon kuma ba ya iya aiki sai ya toshe kunne. Haddar izu sha takwas saura shida a tsaye, yana bi a hankali bayan asuba, shafin da da yake ɗauka a zama ɗaya yanzu kwana uku yake ci.

Ranar Juma'ar da ta wuce na biya shagon na same shi ya buɗe wata waya, gefensa ɗan ƙaramin littafi irin na ƴan adashi, duk abin da aka ce masa sai ya rubuta, sunan mai waya, abin da ya lalace, inda ya ajiye kowane noti. Na ɗauka ina dubawa sai na ga a shafin baya ya rubuta magani ƙarfe tara, asibiti ranar 14, kira Umma. Ya karɓe littafin yana ɗan murmushi ya mayar aljihu, ya ci gaba da aikinsa, can ba tare da ya ɗago ba yace Kawu, kai da kake koyar da abin nan, kan nawa zai dawo kaman da? Na ce masa saura shekara biyar ana gini a wajen, kuma duk ranar da bai sha ba aiki ake yi. Ya gyaɗa kai, ya ce in miƙo masa ƙaramin sukundireban da yake kusa da hannuna.